Hannun Mai Garaya

A jikin bangon da ke fuskantar tashar jirgin metro ta Ainu Shams, a birnin Alƙahira, abin ya fara, ranar wata Laraba bayan la'asar.

Nuha ta sauko daga jirgi da ledar fenti a hannu, sai idonta ya faɗa kan wata farar takarda da aka manna a karkace. Da baƙin rubutun kwamfuta aka rubuta: "Gajimare Bakwai za su yi wasa ranar Alhamis a Hadayek el-Maadi." Iyakarta ke nan. Ba launi, ba ado, kai ka ce sanarwar ɗauke ruwan famfo ce.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kai, wannan ai cin mutuncin bango ne," ta faɗa da Hausa, don a zatonta babu mai jin ta a wurin.

"Bangon ne ya kawo miki ƙara, Malama?"

Ta juya da sauri. Wani dogon saurayi ne siriri, da kwalbar gam a hannu ɗaya, sauran takardun a ɗayan, ya goya wata doguwar jaka a baya. Yana ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya tana cin ƙarfinsa.

Kunya ta kama ta, amma Nuha ba ta cikin 'yan matan da kunya ke rufe wa baki.

"Kai ka manna?"

"Ni na rubuta, ni na buga, ni na manna."

"To ma'alish, ka yi haƙuri, ya zol, amma ko kyauta ne ba zan je wasan da wannan takarda ta gayyace ni ba."

"Ya zol? Ashe 'yar Sudan ce! Shi ya sa na ji Hausar irin ta kakata."

Bai yi ƙarya ba. A Mayurno aka haifi Nuha, a gefen kogi, inda kakanninta suka yada zango tun zamanin da ake tafiya Makka da ƙafa, zangon kuma ya zame musu gida. Yaƙi ne ya koro su Alƙahira, ita da mahaifinta Usta Ya'ƙub, da ƙanwar marigayiya mahaifiyarta, Khalti Mahasin. Usta Ya'ƙub shekara talatin ya yi yana yi wa manyan motoci rubutu da zane, kuma duk abin da ke hannunsa ya juye wa 'yarsa.

Ta zaro alƙalamin zane daga jaka, ta miƙa hannu. Ya ba ta takarda ɗaya ba musu. Ta dafa ta a jikin bango, cikin minti biyar haruffan suka kumbura, suka murɗe, suka hau juna kamar hayaƙin turaren wuta.

Saurayin ya saki baki.

"Sunana Muslim, amma Ɗanmalam ake ce mini. Daga Gumel. Don Allah ki yi mana irin wannan mai launi."

"Ba na yi wa abin da ban ji ba zane. Sai na ji kiɗan tukuna."

"Gobe da rana muna gwaji."

"Kuma ba na zana fuska. Da sharaɗin haka Abuya, mahaifina, ya koya mini aiki. Itace, ruwa, rubutu, duk zan yi, amma ban da fuskar ɗan Adam."

Abin mamaki, maimakon ya ɓata rai, sai ya yi wata ajiyar zuciya kamar an sauke masa buhu daga ka.

"Wallahi ke muke nema," in ji shi.

Washegari ta je, Khalti Mahasin na biye da ita tana mitar zafin rana. Sunan ƙungiyar Gajimare Bakwai, amma su uku ne rak. Bakri ɗan Omdurman yana kaɗa tambur, wani abin kiɗa mai tsirkiya irin na Sudan. Osama, Bamasare mai yawan gashi, yana danna wani tsohon ogan da ya gada wurin kawunsa. Shi kuwa Ɗanmalam garaya ce a cikin doguwar jakar nan, mai tsirkiya biyu, an jona mata waya zuwa wani ɗan akwati da yake takawa da ƙafa.

Da ya taɓa ta, sautin bai tsaya inda garaya ta saba tsayawa ba. Ya miƙe, ya karkace, ya tafi can nesa ya dawo yana amsa kansa. A kan wannan ya ɗora wata tsohuwar waƙar daka ta matan Gumel, ya ja ta a hankali har Nuha ta ji kamar ɗakin yana juyawa. Ta rufe ido, sai ga launuka: shuɗi, ruwan goro, shunayya.

Masu rubutu a intanet suna da wani dogon suna na Turanci da suke kiran irin wannan kiɗa. Khalti Mahasin kuwa ta taƙaita musu.

"Wannan ai kiɗan mai zazzaɓi ne," ta ce. Amma an ga ƙafarta tana motsi ƙarƙashin tob, lulluɓin nan na matan Sudan.

A barandar gidansu Nuha take aiki. Firam ɗin katako ne da aka ɗaure wa kyallen siliki, a zuba fenti a ja shi da roba, launin ya ratsa ya zauna a takarda. Launi ɗaya take bugawa a rana, don igiyar shanya ɗaya ce a gidan, kuma da ita Khalti take shanya wanki. Fosta mai launi huɗu kwana huɗu ke nan, in ba a yi faɗa kan igiya ba.

Fostar farko bishiyar kuka ce mai rassa bakwai, kowane reshe ya ƙare da gajimare, sunan ƙungiyar yana zubowa daga cikinsu kamar ruwa. Wasan da ya gabace ta mutum goma sha tara suka je, rabinsu dangin Bakri. Wasan da ya biyo bayanta sai da mai gidan shayin da suke wasa a ciki ya aro kujeru daga wurin wanzami.

Daga nan fa abin ya buɗe. Suka yi wasa a saman wani bene a Zamalek, suka yi a wani zauren al'adu a tsakiyar gari. Suka naɗi faifansu na farko a falon mahaifiyar Osama, da katifu a jingine a tagogi. Wani gidan rediyo ya sa waƙarsu. Su kuwa fostocin Nuha, a manna da safe, kafin azahar an ɓamɓare. Ɗalibai ne ke sacewa suna kafawa a ɗakunansu.

"Ɓarayin fosta sun fi masu sayen tikiti yawa," in ji Osama, yana dariya har da buga cinya.

A kan dandali Ɗanmalam kullum yana can baya, ya naɗa rawani ya rufe hanci da baki, idanu kawai ake gani. Mutane suka ɗauka salo ne. Har wasu samari suka fara zuwa kallo da rawani.

Wayar Nuha kuwa ba ta huta da saƙonnin Ɗanmalam ba.

"Shuɗiya, yau wane launi ne a hannunki?"

"Ruwan goro. Kuma ka daina ce mini Shuɗiya, Khalti ta fara tambaya."

"Ranar da na fara ganin ki shuɗi ne a yatsunki. An riga an raɗa suna, khalas, magana ta ƙare."

"To Mai Garaya, ba ka da karatu ne yau?"

"Ina da shi. Na buɗe littafin Nahawu, sai na ga duk haruffan sun miƙe tsaye ba kwalliya. Kin ɓata mini ido."

Ta karanta wannan sau nawa? Ita ma ba ta sani ba. Ta dai san ranar ta buga launin kore a inda ja ya kamata, kuma ba ta ji haushi ba. Son sa take yi, so mai yawa, ta kuma daina yi wa kanta gardama a kai.

Wata Asabar da hantsi, a gaban Khalti Mahasin da tukunyar gahawa, ya gaya mata abin da ke ƙarƙashin rawanin.

"Mahaifina Malam Zakariyya'u, limami ne a unguwarmu. Karatun Larabci ya turo ni Azhar. Bai san ina taɓa garaya ba. Wurin wani tsohon mafarauci na koya a ɓoye tun ina yaro. Shekara uku ke nan, in ya kira ya ce me ake ciki, sai in ce karatu."

"To ba ka karatun ne?"

"Ina yi. Sai dai Nahawu ya kayar da ni bara. Wannan ma bai sani ba."

Nuha ta ajiye kofi.

"Mai Garaya, ka gaya masa."

"Zan gaya masa, Shuɗiya. Ina neman lokacin da ya dace."

Lokacin da ya dace ɗin nan, kowa ya san halinsa, ba ya zuwa da kansa.

Ɗanmalam ya je ya gaida Usta Ya'ƙub, ya durƙusa har ƙasa. Tsohon ya karɓe shi da fara'a, ya tambaye shi labarin Gumel da ko har yanzu ana noman riɗi. Da aka zo kan maganar aure, sai ya gyara zama.

"Ɗana, kiɗanka bai dame ni ba. Ni ma da fenti na ci abinci, an sha ce mini ba sana'ar mutanen kirki ba ce. Amma mu a wurinmu yaro ba ya nema wa kansa aure. Mahaifinka ya yi magana, ko ya wakilta wani. In ban ji daga gare shi ba, ban ji komai ba."

"In sha Allahu, Baba."

Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, shiru. Nuha ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kwana biyu ba ta amsa saƙo ba. Kullum amsar ɗaya ce: bari a gama wannan wasan.

Sai ga babban wasa ya samu, a wani zaure a bakin Nilu mai cin mutum ɗari takwas. Nuha ta ce wannan fostar sai ta fi duk na baya. Ta zauna a gefe a wurin gwaji tana kallon hannunsa na hagu yana hawa da sauka a wuyan garaya, ta zana shi. Hannu dai ba fuska ba ne, ba ta karya sharaɗin Abuya ba.

Launi shida ta buga, kwana shida Khalti tana shanya wanki a kan kujeru. Hannu ne babba, baƙi, koguna masu launi suna fitowa daga yatsunsa. Ta sa zoben azurfar da ke ɗan yatsansa. Ta sa wani ɗan ƙulli a gefen ƙaramin yatsa, wurin da aka ɗaure cindo da zare tun yana jariri har ya faɗi. Ba ta yi tunanin komai ba. A wurinta hannunsa ke nan, in ta cire ƙullin ya zama hannun wani.

Fostar ta zaga intanet kafin fentin ya gama bushewa. Wasan ya yi kyau har aka rasa wurin tsayawa. Bayan kwana uku wasiƙa ta zo daga Tunis, ana gayyatar Gajimare Bakwai babban bikin kiɗa.

A ranar ne kuma fostar ta isa Gumel.

Wata ɗaliba ce ta tura wa ƙanwarta don kawai ta ga kyan launi, ƙanwar ta tura wa ƙawarta Mardiya, yayar Ɗanmalam. Mardiya tana tsakar gida tana kallo, Inna, mahaifiyarsu, ta leƙo ta kafaɗarta. Ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba.

"La ilaha illallahu! Wannan ai hannun Autana ne! Ni na ɗaure cindon nan da hannuna. Ga ma zoben da na ba shi!"

Malam Zakariyya'u yana zaune a kan buzu, taku uku tsakaninsu.

Kiran da ya yi wa ɗansa bai kai minti ɗaya ba. "Karatun ke nan?" ya ce, ya kashe waya. Daga nan bai ƙara ɗauka ba.

Saƙon da ya shigo wa Nuha bayan azahar babu Shuɗiya a cikinsa.

"Nuha, Malam ya gani. Inna ta gane hannuna. Kin ce in gaya masa na ƙi, shi ne kika gaya masa da fenti? Da kin bari na yi da bakina."

Ta karanta a tsaye, ta ƙara karantawa a zaune.

"Wallahi tallahi ban yi da niyya ba. Ban san akwai mai gane mutum ta hannu ba."

Ba amsa.

"Mai Garaya, ka yi magana mana."

Shiru. Kwana tara.

Nuha ta yi kuka har Khalti ta daina yi mata faɗa ta koma rarrashi. Abin ya haɗe mata biyu: ga zafin zargin da ya yi mata, ga kuma sanin cewa hannunta ne ya raba ɗa da uba. In Malam bai huce ba, ba wakili, in ba wakili ba aure.

Kamar jira ake yi, sai ga Hamad. Ɗan mai shagon da take sayen takarda ne a Mohandessin, yaro mai hankali, ba shi da abin kushewa. Ya daɗe yana ɗauko mata takarda har bakin mota ba a sa shi ba. Ranar Juma'a ya turo baffanninsa biyu da farin rawani, suka sha gahawa, suka faɗi abin da ya kawo su.

Da suka tafi Usta Ya'ƙub ya kira ta baranda.

"Ga wanda ya zo da manyansa. Naki fa?"

"Abuya, shi nake so."

"Na sani, ai ba makaho ba ne ni. Na ga hannun nan da kika zana, na san ba hannun abokin ciniki ba ne. Ba zan yi miki dole ba, 'yata. Amma ba zan ba da ke ga wanda ubansa ba ya ɗaukar wayarsa ba. Mutanen Hamad na ce su ba ni lokaci."

Ta kwana biyu tana juya abin. A rana ta uku ta nemi lambar Mardiya wurin wata ɗaliba 'yar Jigawa, Mardiya ta ba ta ta Inna. Sau biyar tana naɗar murya tana gogewa. Na shida ta rufe ido ta tura.

"Assalamu alaikum, Inna. Sunana Nuha, 'yar Usta Ya'ƙub, mutanen Mayurno. Ni ce na zana hannun. Laifina ne, ban yi don in tona shi ba. Inna, ba ya shan komai, ba ya bin kowa, ba ya wasa da salla. Waƙoƙin da yake yi na daka ne da na noma, irin waɗanda ya ji a tsakar gidanku. Ɓoyewar ce laifinsa, kuma tsoron ɓacin ran Malam ne ya sa shi. Don Allah ki roƙa masa gafara. Ko ba zai aure ni ba, kada ya rasa mahaifinsa ta dalilina."

Amsa ba ta zo ba sai washegari da hantsi. Muryar tsohuwa ce mai sanyi, ana jin kukan kaji a bayanta.

"Wa alaikumus salam, 'yar nan. Na saurare ki har sau uku, Hausarki ta tuna mini da uwata. Bari in gaya miki. Yaron nan 'yan uwansa da suka tashi ɗaki ɗaya ma sun manta yana da ƙullin nan. Duk wadda ta kalli hannun ɗana har ta ga wannan, ba kallon banza take yi masa ba. Ki share hawayenki. Malam nawa ne, shekara arba'in na san inda ake bi masa. Shi kuma Auta ki bar ni da shi, yau zai ji ni."

Ya ji ta kuwa! Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gida, ba garaya, ba rawani, da ledar mangwaro a hannu, yana ta sunkuyar da kai. Khalti Mahasin ta bar shi a tsaye minti goma cur kafin ta ce ya shigo.

"Shuɗiya, na zalunce ki."

"Wace ce Shuɗiya? Nuha dai, kamar yadda ka rubuta."

"Tsorona ne na ɗora miki. Shekara uku ina ɓoyewa, da abin ya fashe sai na nemi wanda zan ce shi ya jawo. Ki yafe mini, don girman Allah."

"Kwana goma sha biyu fa, Mai Garaya."

"Na ƙirga su. Ko abinci ba ya wucewa."

"Ƙarya kake, ga kumatunka nan."

Suka kwashe da dariya, ita tana yi tana goge ido. Khalti ta ɗauki mangwaron ta shige kicin tana cewa yaran zamani sai a hankali.

Inna ta yi aikinta, amma Malam bai sauko gaba ɗaya ba. Saƙo ya bayar ta bakinta: abin da ya tura yaro ya yi, ya gama shi. Ya ci jarrabawar ƙarshe har da Nahawun da ya faɗi, don wannan ma yanzu ya sani. In takarda ta fito, a yi maganar aure. Kafin nan ba shi da abin cewa da shi.

Matsalar ita ce, makon jarrabawar shi ne makon bikin Tunis.

Ɗanmalam ya tara abokansa a falon mahaifiyar Osama, Nuha na gefe.

"Ku tafi ba ni," ya ce. "Irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ku nemi mai jita ya riƙe wurina."

Osama ya sosa gashinsa ya dubi silin. An ga abin ya yi masa ciwo, shi ya fi kowa mafarkin wannan tafiya. Bakri ne ya yi magana.

"Ya zol, mu je Tunis mu ce musu me? Ga Gajimare, amma mun bar ruwan a gida?"

"Khalas," in ji Osama, ya buga tafi ɗaya. "Ba inda za mu. Amma wallahi in ka faɗi Nahawun nan, da ogan ɗin nan zan rotsa maka kai. Yalla, tashi ka je ka yi karatu."

Nuha ta koma baranda ta buga fosta mafi sauƙi a rayuwarta, launi biyu kacal. Garaya ce a rataye a ƙusa, ƙarƙashinta tulin littattafai, an rubuta da Larabci da Hausa: "Gajimare sun tafi jarrabawa. Ku yi musu addu'a." Ita ma ba ta kwana a bango ba. Ɗalibai suka riƙa tura ta ga junansu a lokacin nasu jarrabawar, masu bikin Tunis ma suka sa ta a shafinsu, suka rubuta cewa kujerar Gajimare tana nan baɗi.

Wata biyu garaya ba ta yi ƙara ba. Kullum da safe saƙo ɗaya take tura masa.

"Babi nawa?"

"Uku, ranki ya daɗe."

"Jiya ma uku ka ce. Ƙara ɗaya, sannan in gaya maka launin yau."

Ranar da sakamako ya fito, daga bakin allon sanarwa ya kira ta, yana haki kamar wanda aka biyo.

"Jayyid jiddan, Shuɗiya! Na ci da daraja! Har Nahawun!"

Khalti Mahasin ta rangaɗa guɗa a baranda har maƙwabta suka leƙo.

Ya tura hoton takardar Gumel. Bayan kwana biyu wani dattijo, Malam Isam, tsohon abokin karatun Malam Zakariyya'u da ke zaune a Alƙahira, ya zo gidan Usta Ya'ƙub da sallama da wakilci. Aka ba mutanen Hamad haƙuri cikin mutunci. Hamad ɗin ma, Allah ya saka masa, shi ya aiko da takardar da aka buga katin biki.

Sai dai wani abu ya rage, kuma Nuha tana ganin sa a idon angonta. Malam ya yarda da aure, ya naɗa wakili, amma har yanzu bai ce wa ɗansa uffan ba. Duk kiran da ya yi, Inna ce ke ɗauka.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a a wani ƙaramin masallaci a Ainu Shams. Gida ya cika da mata da ƙamshin turaren wuta. Nuha tana zaune cikin jan tob, lalle har gwiwar hannu, sai ta ji hayaniyar maza a matakala. Usta Ya'ƙub ne ya shigo, ango na bayansa cikin farar jallabiya, Bakri da Osama suna leƙe daga ƙofa. Waya ce a hannun tsohon, ya ɗaga ta sama.

"Ku yi shiru. Gumel ce."

Fuskar wani dattijo mai farin gemu ta cika gilashin wayar. Ɗanmalam ya zube a kan gwiwoyinsa nan take.

"Ina amaryar?" in ji Malam Zakariyya'u.

Aka juya wayar. Nuha ta sunkuyar da kai.

"'Yata, an ce ke kika tona shi."

"Malam, ban yi da..."

"Allah ya saka miki da alheri. Ki ci gaba da haka."

Ɗakin ya fashe da dariya, har Inna aka jiyo tata daga can bayan wayar. Malam ya bari aka lafa, sannan ya yi gyaran murya.

"Muslim."

"Na'am, Malam," in ji ango.

"Ban ce ina son garayar nan ba, kuma kada ka jira ranar da zan ce. Amma ba ita ta hana ni barci ba. Shekara uku ina tambayar ɗana me yake ciki, yana ba ni rabin amsa. Wannan ne ya yi mini ciwo."

"Na tuba, Malam."

"Daga yau duk abin da kake yi, mai daɗi da marar daɗi, daga bakinka zan fara ji. Ka ji ko?"

"Na ji, Malam."

Dattijon ya cire tabarau ya goge da gefen rawani, ya daɗe yana gogewa.

"To tashi, Auta. Ango ba ya durƙuso a gaban amaryarsa tun ranar farko. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku rufa wa juna asiri."

"Amin!" ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, guɗa ta tashi ta ko'ina.

Ɗanmalam bai iya tashi ba. Yana nan durƙushe, kafaɗunsa suna rawa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana dariya a lokaci guda. Nuha ta manta da kunyar amarci da idon mata. Ta miƙa hannu ta kamo shi.

"Ba ka ji abin da Malam ya ce ba? Tashi, mijina."

Ya tashi.